Hannun da Ba Ya Rawa

"Ina gajiya, tsohon angona?"

"Gajiya ta bi lafiya. Sauranta tana can tana jiran wanda zai kwashe ki."

"Ina gida?"

"Gida lafiya lau, tun da ba ki kwana cikinsa ba. Ina uwarki? Ina wancan siririn yaro da ya ƙwace mini mata?"

"Kamal yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko haƙoranka sun dawo daga tafiya."

"Ki ce mishi suna hanya. Ranar da sunka iso, da kunnensa za su fara."

Hantsin wata Asabar ne, bayan an gama kai gero rumbu. Malam Manzo yana zaune bisa tabarmar kaba a inuwar dogon-yaron da ke ƙofar gidansa, a bayan kasuwar Filinge. Carbinsa yana hannun hagu. Hannun dama kuwa yana cikin riga, inda ya saba ajiye shi a 'yan shekarun nan duk lokacin da ya ji sallama. Mai sallamar yau ita ce Nasiba, ɗiyar babban ɗansa, wadda take aiki a wani shagon buga takardu kusa da tasha. Tun tana rarrafe yake kiranta matarsa, ita kuma tun da ta iya magana take neman ya sake ta. Yanzu saura mako biyu a ɗaura mata aure.

Shekara talatin da huɗu Malam Manzo ya yi yana kafa teburinsa a bakin gidan waya, yana rubuta wa mutanen Kurfai wasiƙu zuwa ga 'ya'yansu da ke ci-rani a Abijan da Kumasi da Ikko. Daga Tabla har Abala an san hannunsa. A ranar sunan Nasiba, gaban jama'a, ya yi wa amininsa Isufu na Damana alkawarin cewa shi Isufu ne zai ba da ita aure idan Allah ya kai su. Allah ya kai su. Sai dai shekara uku ke nan wasiƙar Manzo ba ta shiga Damana ba, domin hannunsa ya soma rawa, kuma ya gwammace a ce ya manta da aboki da a ce marubucin Filinge ya kasa ja layi. Sau biyu Nasiba tana kiran wayar ɗan Isufu, sau biyun amsa ɗaya ake kawo mata daga bakin tsohon: idan Manzo yana da rai, hannunsa ya faɗa mini. In babu wasiƙa, babu Isufu a wurin ɗaurin aure.

Nasiba ta tuɓe takalmi ta zauna a gefen tabarma. Malam Manzo bai dubi fuskarta ba, ambulan ɗin da ke leƙowa daga jakarta ya duba.

"Mi kika ɓoye can?"

"Takardar saki. Na gaji da jira, na rubuta wa kaina."

"Da kin kyauta. Miƙo in sa hannu."

"To, ina wasiƙar Baba Isufu? Gobe Lahadi, motar Albarka direba za ta koma Damana bayan kasuwa."

"Tawada ta ƙare."

"Makon jiya takarda ce ba ta da kyau."

"Har yau ba ta da kyau. Takardar zamanin nan, ko tsire ba ta iya riƙewa."

"Makon da ya gabace shi kuma ka ce iska ta yi yawa."

"Ke ce malamar iska? Kin auna ta?"

Nasiba ta jawo jakarta. Ta zaro takarda daga ambulan ta shimfiɗa a gabansa, ta danne gefenta da yatsa.

"Na rage maka wahala. Ga wasiƙa an gama. Kai dai ka ninke ta ka ba Albarka."

Malam Manzo ya ajiye carbi, ya ɗauki takardar da hagu, ya nisanta ta da idonsa, ya kuma matso da ita. Rubutu ne shuɗi. Haruffan sun ɗan kishingiɗa wajen dama kamar gero da iska ta shafa. Cikinsu zagaye ne, kowanne ya miƙa wutsiya ya riƙe na gabansa. Ba su tsaya ƙyam bisa layi ba, wani ya ɗan hau, wani ya ɗan sauka, irin na mutumin da ya rubuta a tsaye yana sauri amma hannunsa ya daɗe da sabawa. Babban harafin farkon kowane layi kuwa ya yi wata lanƙwasa ta alfahari kafin ya shiga aiki. Tsohon ya sake bin layukan da ido. Ko a shekarun da yake ji da kansa, zai so a ce shi ya yi wannan.

"Hannun wa ne?"

"Na sabon mijina."

"Kamal? Na ga takardar da ya aiko ta neman iri. Kamal in ya yi rubutu, sai ka ce kaza ta faɗa cikin shuni ta gudu. Hannun wa ne, na ce?"

"Ba na kowa ba ne, Kaka."

"Babu hannun da ba na kowa ba. Ko wanda anka tsinta a daji, akwai kafaɗar da ya fito." Ya sake duban lanƙwasar nan. "Tabla kika je."

"Me zan yi a Tabla?"

"Wurin Hamidu. Kada ki raina mini hankali. Shekara ashirin muna zaune, shi a hagun ƙofar gidan waya, ni a dama. Na san shi da son kwalliyar banza. Mutum ya zo a rubuta mishi cewa akuya ta mutu, Hamidu ya yi wa akuyar wutsiya uku. Kin ɗauki sirrin gidana kin kai wa Hamidu, yanzu yana can yana gaya wa 'yan Tabla Manzo ya koma sayen hannu!"

"Baba Hamidu da ko allura ba ya gani? Bara a bikin Habsatu ya gaida turmi, har ya tambaye shi yara."

"Makirci ne. Hamidu ya iya makancewa in ya ga aikin gayya."

"Wallahi ban je Tabla ba."

"To, Mushe Ibrahim, malamin lakkol, makarantar boko."

"Mushe Ibrahim yana Yamai wurin magani."

"Ya aiko daga can."

"Kaka, na'ura ce ta rubuta. Kwamfutar shagonmu. Ni na danna, ita ta fitar."

Malam Manzo ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci.

"Yarinya, tun ubanki bai san wando ba nake shiga ofishin kumandan mai mulkin gari. Na san rubutun inji. Haruffa ne tsaye ƙerere kamar soja a fareti, kowa da wurinsa, babu mai taɓa wani. Waɗannan kuwa riƙe da juna suke kamar 'yan mata za su rijiya. Inji ba ya da zumunci."

"Wancan keken rubutu ne, na zamanin da kake da gashi. Ta yanzu hannuwa gare ta sun fi ɗari uku. Akwai mai tsayuwar soja, akwai mai ƙiba, akwai siriri kamar kai. Wannan shi ne mai kama da rubutun hannu, wanda ba ya ɗaure fuska. Sai ka zaɓa kamar yadda ake zaɓen atamfa."

"Hannu ɗari uku a ɗaki ɗaya? Wa ya yanke su?"

Nasiba ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Ta ciro wayarta, ta matso kusa da shi tana jan hotuna da yatsa.

"Duba. Ga katin bikin Ummul, da shi munka buga. Ga allon shagon tela na bakin tasha, ka wuce shi ya fi sau ɗari. Ga takardar da matan ƙungiya suke liƙa wa sabulunsu, don mai saye ya ji kamar daga ɗakin uwarsa ya fito. Ga gaisuwar sallah da kowa ke turawa. Duk shi ne."

Tsohon ya duƙa yana kallo. Lanƙwasar nan ce dai, a kan kati, a kan allo, a kan sabulu. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai ya ƙara tashi.

"Wato mutumin nan ya rubuce rabin Filinge ban taɓa haɗuwa da shi a masallaci ba? Ɗan wane gari ne? Wa ye ubansa?"

"Wani ne can wata ƙasa ya zauna ya zana kowane harafi sau ɗaya, anka zuba cikin na'ura. Shi ke nan, kowa ya ɗauka."

"Sau ɗaya! Ya rubuta harafi sau ɗaya ya tafi ya kwanta, ni ina nan shekara talatin da huɗu ina gumi. Malalaci ne, kuma ba shi da kunya. Yau yana yi wa amarya addu'a, gobe yana tallar sabulu. In an kai shi ofishin magajin gari, suna karɓa?"

"A'a. Takardar haihuwa da ta fili, da masu tsayuwar soja ake yi. Wannan na biki ne da gaisuwa da talla. Ko dogon bayani ba a yi da shi, yana gajiyar da ido."

"Kin ji! Gwamnati ma ba ta yarda da shi ba, ni kike so in yarda."

"Gwamnati ta yarda da kai ne? Hotonka na katin ɗan ƙasa, jandarma ya ce a kawo mai shi, wannan kakansa ne."

"Jandarman ya yi hassada. Har yanzu ban gaskata ki ba. Ina shaida?"

"Na san da wa nake aure," in ji Nasiba. Ta sake zura hannu cikin ambulan ta fito da takarda ta biyu. "Biyu na buga, don na san ta farko za ka zuba mata shayi."

Malam Manzo ya karɓa. Ya ɗora ɗaya bisa ɗaya a gwiwarsa, ya daidaita gefunansu da babban yatsa, ya ɗaga su wajen da rana ke ratsowa ta cikin ganye. Ya daɗe a haka. Rubutu biyu sun zama ɗaya, babu ɗigon da ya kauce, babu wutsiyar da ta fi 'yar'uwarta tsawo. Har harafin da ya ɗan zame ƙasa da layi a ta farko, a daidai wurin ya zame a ta biyu.

"Lallai ba Hamidu ba ne," ya ce a hankali. "Hamidu ko sunansa bai taɓa rubutawa iri ɗaya sau biyu ba. Ɗan Adam in ya yi kuskure, kuskuren gobe daban ne. Wanga kuwa ya haddace kuskurensa."

"To, ka wanke Baba Hamidu?"

"Na wanke shi daga wannan. Sauran suna nan." Ya sauke takardun, ya soma karantawa a fili yana jan murya. "'Zuwa ga abokina abin ƙaunata, bayan dubun gaisuwa mai tarin yawa.' Wa ye abin ƙauna? Isufu? Mutumin da ya ci mini cuku a aji uku ya ce ɓera ne? Shekara sittin, duk wasiƙar da na aika mishi da 'Kai, Isufu' take farawa. In ya ji abin ƙauna zai ce na mutu, magada ne ke neman wani abu."

"Sai in gyara. Minti biyar ne."

"Ki gyara, ki gyara. Wannan fa?"

Ya kifar da takardar, ya kamo yatsanta da hannun hagu ya shafa shi a bayanta.

"Mi kika ji?"

"Takarda."

"Sumul, kamar goshin jariri." Ya juya ya kira wajen zaure, sannan ya tuna babu kowa, ya ce, "Shiga ɗakina, akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Kada ki taɓa dabinona, na ƙirga su da ido."

Ta dawo da gwangwanin, bakinta yana motsi. Ya yi kamar bai gani ba. Daga ciki ya zaro wata tsohuwar takarda da ta yi ja, wasiƙa ce da ya taɓa rubutawa mai ita bai dawo ya karɓa ba. Ya kifar da ita, ya ce ta shafa. Nasiba ta shafa, ta sake shafawa. Kowane harafi ya taso ta baya kamar kunya a gona.

"Tun muna lakkol haka nake danna alƙalami. Malamin ajinmu ya doke ni a kan haka har ya gaji, ya ce ba rubutu nake ba, huɗa nake. Isufu yana gefena a benci yana dariya. Daga ranar, in wasiƙata ta iso mishi, ba ya buɗe ta sai ya shafa bayanta. Ya ce ko cikin rijiya anka jefa shi zai gane tawa. Kina ji? Wannan baƙon naki zai ruɗi tela, ya ruɗi masu sayen sabulu. Isufu kuwa yatsa ɗaya zai sa ya ce Manzo ya aiko mini da ƙarya. Shirun shekara uku yana iya yafewa. Wannan ba zai yafe ba."

Nasiba ta ci gaba da juya tsohuwar takardar. Shi kuma, da ya ga ya ci wannan zagaye, sai wani zargin ya taso masa, wanda ya fi na Hamidu nauyi.

"Tsaya ma tukuna. Mi ya sa kika yi wannan aiki? Wa ya ce miki ina bukatar hannun aro?"

"Ka ce tawada ta ƙare."

"Da tawada kika sayo. Wa ya faɗa miki? Ubanki? Likitan nan mai dogon baki?"

"Ba wanda ya faɗa mini."

"Ƙarya. A garin nan ko tari ka yi a ɗaka, kafin azahar an ce ka yi wasiyya."

"Kaka," ta ce, kuma wannan karon babu wasa a muryarta, "ni ke wanke rigunanka duk Alhamis. Na san inda shayi yake zuba. Na ga ka koma cin tuwo da hagu in ka zaci ba mai kallo. Shekara uku ina gani. Ko babana ban gaya wa ba."

Wata mota ta wuce wajen kasuwa da buhunan wake, ƙurarta ta lafa. Malam Manzo ya dubi gindin dogon-yaro, ya dubi gwangwani. Daga nan ya zaro hannun dama daga cikin riga ya ɗora shi bisa gwiwa, a fili, karo na farko gaban wani. Hannun yana ta kaɗawa kamar mai cewa a'a.

"Ga shi nan," ya ce. "Shi ma ya ƙi auren naki da Kamal."

"Ƙarya yake. Rawar biki ya fara tun yanzu, ya riga makaɗa."

Dariya ta kuɓuce wa tsohon ba da shirinsa ba. Ya share ido da gefen rawani.

"Mayya. Ɗauko mini teburin nan na zaure, da alƙalamin da ke cikin gwangwani."

"Tawada ba ta ƙare ba?"

"Ta dawo."

"Iska fa?"

"Ta kwanta. Ke dai riƙe mini takarda, ki kuma riƙe bakinki."

Ta durƙusa ta danne takardar da tafin hannu biyu. Ya kama alƙalamin, ya tallafi wuyan hannun dama da na hagu, ya yi bisimilla. Harafin farko ya fita kamar an ja ƙaya a rairayi. Na biyu ya hau kan na farko. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Takarda ɗaya ta yage, suka sake wata.

"Wannan wane harafi ne, ko taswirar hanyar Abala ce?"

"Na ce ki riƙe bakinki."

"Hannu biyu gare ni, duka suna kan takarda. Da me zan riƙe baki?"

Sai da ladan ya yi kiran azahar suka gama, layi biyar kacal. Nasiba ta karanta a hankali, tana tsayawa inda haruffa suka yi karo:

"Kai, Isufu. Ban mutu ba, ban manta ba. Hannu ne ya tsufa, kunya ta hana ni faɗi. Ɗaurin auren Nasiba Asabar ta sama. Kai za ka ba da ita. Manzo."

Ta kifar da ita ta shafa. A wuri biyu alƙalamin ya kusa fasa takardar.

"Muni kam ta yi muni," in ji ta. "In na kai wannan shagonmu, kwamfuta za ta mutu don baƙin ciki."

"Ki kai wa Albarka. Ki ce hannu da hannu, kada ya ba yaran mota su naɗe ƙosai."

Mako guda Malam Manzo ya yi yana sauraron ƙarar kowace mota. Bai ce wa kowa komai ba, amma ranar Lahadi tun da hantsi ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inda yake hango hanyar tasha. Wajen la'asar sai ga Nasiba da ambulan a hannu.

"Angona, an yi maka wasiƙa. Ashe har yanzu akwai mai tunawa da kai."

Ya fizge, ya yage bakin ambulan da haƙoran da suka rage, ya warware takardar. Bai karanta ko kalma ɗaya ba fuskarsa ta canza. Shuɗin rubutu ne, haruffa kishingiɗe wajen dama, kowanne riƙe da wutsiyar ɗan'uwansa, ga lanƙwasar nan ta alfahari a farkon layi.

"Nasiba."

"Na'am."

"Ni za ki yi wa haka? Isufu bai amsa ba, kika koma shagonku kika sa malalacin nan ya amsa mini don in ji daɗi?"

"Wallahi daga hannun Albarka na karɓa. Ban ma buɗe ba."

"Bakinku ɗaya da Albarka. Kin ba shi dabinona. Wannan hannun shagonku ne, na san shi yanzu kamar yadda na san tafiyar Hamidu!"

"Kaka, na faɗa maka hannun nan yana cikin kowace na'ura daga nan har Yamai. Ba mu kaɗai ke da shi ba."

"Wato har Damana ya riga ni zuwa? Isufu da ya fi kowa iya rubutu a ajinmu, mi zai kai shi ga hannun aro?"

"To, karanta mana, ka bar yi wa takarda shari'a."

Ya ƙi. Ita ta karɓa ta karanta masa:

"Kai, Manzo. Na shafa bayan takardarka, na san kai ne, har na ji inda ka yi fushi. Idona ya tafi shekara biyu ke nan, ni ma ban faɗa maka ba. Shi ya sa na ce hannunka nake so, don shi kaɗai nake iya karantawa. Jikata Nafisa, mai aiki a Baleyara, ta ce za ta buga mini wannan da hannu mai kyau don kada in ji kunya. Na ce ta buga, amma ta kawo mini tawada. Ina tafe ranar Alhamis. Ka tanadi cuku, ɓeran yana nan da ransa."

"Ke kika tsara. Ni na ba ki labarin cukun da bakina."

"Wannan ma ni na tsara?"

Ta nuna masa ƙasan takardar. A can, ƙarƙashin kyawawan haruffan, an dangwala babban yatsa da tawada, an danna shi da ƙarfi har ya baje. Malam Manzo ya matso da takardar dab da hancinsa. Wani farin layi ya ratsa tsakiyar yatsan a karkace, daga sama zuwa ƙasa. Ya san layin. Yana tsaye a wurin, a lambun lakkol, ranar da lauje ya yi shi, kuma da hularsa aka ɗaure ciwon.

Ya sauke takardar. Sannan kafaɗunsa suka soma girgiza, dariya ta taso masa tun daga ciki har ta sa shi tari.

"Isufu! Isufu da ke yi wa masu dangwala yatsa dariya a bakin gidan waya! Ni ba hannu, shi ba ido, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, jikoki kuma sun je sun ɗauko mana marubuci ɗaya!"

"To, ka wanke ni?"

"Na wanke ki daga wannan. Dabino yana nan."

"Malalacin fa?"

"Malalaci ne har gobe, kuma ban san ubansa ba. Amma ya kai saƙo bai ƙara gishiri ba, abin da Hamidu bai taɓa yi ba. Katunan bikinki, ɗari biyu ne ko ɗari uku, ki ba shi ya rubuta. Ya saba da biki."

Ya jawo gwangwanin madara, wanda tun ranar nan bai koma ƙarƙashin gado ba, ya ciro alƙalamin ya miƙa mata da hannun dama. Alƙalamin yana rawa a tsakaninsu, bai kuma ɓoye ba.

"Ungo. Na sake ki, ga kayan sallama."

Nasiba ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta dubi inda yatsunsa suka cinye fentin.

"Shekara ashirin da uku ina aure da kai, da tsohon alƙalami zan fita? Ko akuya babu?"

"Akuyar ta mutu, ki tambayi Hamidu. In kin tare, ki riƙa rubuto mini, ko layi biyu ne. Ki danna da ƙarfi."

"Daga gidan Kamal zuwa nan taku ɗari ne, Kaka."

"Na sani. So nake in riƙa shafawa, in tabbata ba shi ya rubuta ba."

Ta soke alƙalamin a ɗankwalinta tana dariya, ta miƙe ta nufi kasuwa neman cuku kafin masu shi su watse.